Ranar da Sai-Gangare Ya Kashe Mota a Gaban Giwa

Gatanan gatananku, manya da yara.

Ta zo mu ji ta, ga kunnuwanmu.

To, ku gyara zama. An yi wani bakanike mai hannu, wanda in mota ta shigo garejinsa tana tari, kafin mai ita ya gama sallama ya riga ya san ciwonta. Da kunne yake aiki. Shekara talatin maganarsa ɗaya ce in ya ji ƙarar da bai yarda da ita ba: "Kashe mu ji." Sai a kashe inji, ya karkata kai kamar kazar da ta ji motsin shaho, ya nuna inda ɓarnar take. Bai taɓa kuskure ba.

Amma kun san wanzami ba ya son jarfa. Tasa motar, wata tsohuwar fara mai ƙofa huɗu, shekara uku kik ɗinta a mace, wato abin nan da ke tayar da inji in an murɗa makulli. Kullum gobe zai gyara. Dabararsa, ba ya ajiye ta sai inda ƙasa ta karkata. In zai tafi ya saki birki ta gangara, ya saki kuloci ta tashi. Babu tudun da bai sani ba a garin. Da haka aka sa masa Sai-Gangare, sunan ya bi shi har ya danne na yanka.

'Yarsa Auta ta gama karatu, ta sami aiki a wani asibiti a gari mai nisa. Shi ya ce zai kai ta da kansa. Aka ɗaure katifa a saman mota, aka cika but da tukwane da akwatuna. Yayarsa, wadda Auta ke kira Gwaggo, ta ce ƙafarta ƙafarsu, sai ta ga ɗakin da Auta za ta zauna da idonta. Auta kuwa ta kafe a kan su bar babbar hanya su ratsa ta gandun daji, wanda gwamnati ta keɓe wa namun dawa, don tunda take ba ta taɓa ganin giwa ba sai a littafi. Uwar Auta ta ce su gaishe su, ita dabbar da take sha'awar gani tana cikin tukunya. Ta yi zamanta a gida.

Da hantsi suka isa ƙofar gandun. Allah ya sa ƙofar a kan ɗan tudu take, Sai-Gangare ya tsaya daidai inda yake so, ya kashe mota hankalinsa kwance. Mai gadin dajin, wani dogo mai koren kaki, ya rubuta lambar motar ya leƙo ta taga.

"Ba a fita daga mota. Ba a hon. Ba a barin hanya. Waya ba ta kamawa a ciki, ku sani. Sannan akwai wata uwar giwa wajen tafki, kwana biyu ke nan ranta a ɓace, mutanenmu suna nemanta ba su same ta ba. In kun gan ta kada ku tsaya kallo, kada kuma ka kashe inji. Motar lafiyarta ƙalau?"

"Ni bakanike ne," in ji Sai-Gangare.

Gwaggo ta buɗe baki, ta dubi ƙaninta, ta mayar ta rufe. Daga baya ta ce wannan shirun shi ne wauta mafi girma da ta taɓa yi.

Suka shiga. 'Ya'yana, daji ne na gaske. Maɗaci da kirya da tsamiya sun haɗa kai sama har rana sai ta nemi izini take saukowa. Barewa uku suka tsaya a gefen hanya suna kallonsu, ko gezau. Wani gadu ya ratsa da iyalinsa, kowa jela a tsaye. Auta ta manna fuska da gilashi, ta koma 'yar shekara biyar.

"Dubi wannan kiryar," in ji uban. "Gawayinta sai ya shekara ana girki."

"Haba Baba. Kai ba ka ganin itace sai a cikin buhu?"

"Ƙyale shi," in ji Gwaggo daga kujerar baya. "Ya manta. Irin wannan dajin a bayan gidanmu yake muna yara. Nan na goya shi muka je tsintar tsamiya, ya ga zomo ya yi mini fitsari a baya. Yau wurin sai injin buga bulo da tsaunin leda. Abin da muka gani kyauta, yau sai an rubuta lambar motarka."

"Yaya, a gaban 'yata?"

"Ai gara ta san jarumin da ta gada."

Suna cikin wannan suka hau wani ɗan tudu daga busasshen rafi, hanya ta miƙe shimfiɗe kamar tabarma. Ga tafki can gaba a hannun hagu, rabinsa laka. Ba kowa a bakinsa, ko tsuntsu. Gwaggo ce ta fara lura dajin ya yi tsit.

Sai ga wata ƙara. Ƙwaras, ƙwaras, shiru, ƙwaras. Ƙarfe ne yake jan ƙasa yana bugun duwatsu.

Sai-Gangare ya taka birki, ya karkata kai. A ransa salansar motar ce, bututun hayaƙi, ta kwance tana ja. Bai yi shawara da kowa ba, bai ma yi da kansa ba. Bakinsa ya ce, "Kashe mu ji," hannunsa ya murɗa makulli, yadda ya saba yi sau ɗari a yini.

Inji ya mutu. Ƙarar ba ta mutu ba.

Ƙwaras, ƙwaras. Daga cikin ciyawa take zuwa, ta gaban motar.

Ya dubi makullin a hannunsa, ya dubi hanyar da ba ta karkata ko'ina ba. Auta ta ga wuyan ubanta ya jiƙe sharkaf lokaci guda.

"Ku ɗaga gilashi," ya ce a hankali.

Ciyawa ta dare, ɗan giwa ya fito. Tsayinsa bai wuce ƙirjin mutum ba. Yana ɗingishi, ƙafarsa ta gaba ta kumbura ta yi biyun 'yar'uwarta, waya ta zagaye ta ta nutse cikin nama, ƙudaje sun yi baƙi a wurin. Wayar tana da tsawo, a ƙarshenta wani guntun ƙarfe ke biye da shi yana bugun duwatsu. Ya taka kan hanya, ya ratsa, sai ƙarfen ya maƙale tsakanin saiwoyin wani maɗaci, taku ashirin gaban motar. Ya ja, wayar ta ƙara cin nama. Ya yi wani kuka wanda ba ku so ku ji.

Kafin kukan ya sauka uwar ta fito. Ba su ji tafiyarta ba, abu mai wannan girma. Inuwa kawai suka ga ta rufe hanya. Ta sa hanci ta shafa ɗan, ta shafa wayar, ta kama ta ta fizga, ɗan ya ƙara ƙwalla kuka. Ta saki. Ta juyo da kai a hankali, ta buɗe kunnuwa kamar ƙyamaren gareji, ta dubi farar motar.

Gwaggo ta fara salati can cikin maƙogwaro.

Giwar ta tako. Ta tsaya har ba sa ganin komai ta gilashin gaba sai fatar gwiwoyinta mai tsage-tsage da busasshiyar laka. Hancinta ya bi bonet yana shinshina, ya hau gilashi ya bar danshi daidai fuskar Auta. Suka ji wani gurnani wanda ba ta kunne yake shiga ba, ta ƙashin ƙirji yake shiga. Sai motar ta girgiza, igiya ta tsinke, katifar Auta ta tashi sama. Giwar ta maka ta da ƙasa, ta taka, ta sa haure ta keta ta gida biyu, soso ya watse a hanya.

Ɗan ya yi kuka. Ta bar katifar ta koma wurinsa.

Rana ta kai tsaka, gilashi a rufe, motar ta zama tanda. Zufa tana shiga idon Auta ba ta iya ɗaga hannu ta share ba. Uban kuwa idonsa na kan wayar nan.

"Wayar birkin hannu ce," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba. "Ƙarfen kuma guntun sifirin ne. Ni na san su."

"Ka san su a ina?" in ji Gwaggo da raɗa.

"Akwai duro a bayan gareji da nake zuba irinsu. Wasu mutane sukan zo su ce a ba su, wai shinge za su ɗaure. Nakan ce su kwashe, sun rage mini shara. Ban taɓa tambaya ba, Yaya. Wane shinge ne yake son waya mai zarge? Ashe tarko suke ɗana wa namun daji."

"Taka ce?"

"Ba zan ce tawa ce ba. Ba zan kuma ce ba tawa ba ce."

Giwar ta dawo karo na biyu. Wannan karon ba ta shinshina ba. Ta sa goshi a gefen bonet ta tura, tayoyin hagu suka ɗaga daga ƙasa, tukwane suka yi ƙara a but, fitila ta fashe. Gwaggo ta cusa bakin mayafi cikin baki ta danne tarin da ya taso mata, hawaye na zuba. Ɗan ya sake kuka, giwar ta saki motar ta faɗo da ƙarfi, ta koma.

Sai-Gangare ya duba madubi. Leɓen yayarsa ya yi fari, numfashinta na fita guntu-guntu, ga ta da hawan jini. Ya dubi giwar. Duk dawowar da take yi ta fi ta baya zafi, ta uku kuwa ba ya jin motar za ta tsaya a kan tayoyinta. Ba wanda ya san suna nan. Masu gadin ƙofar da za su fita ba za su neme su ba sai yamma.

Amma idon da ya shekara uku yana farautar gangare ba ya barci. Ya tuna ɗan tudun da suka hawo daga busasshen rafi. Yana bayansu, taku goma sha biyar ko ashirin.

"Auta," ya ce, "dawo nan."

Auta tana da lasisin tuƙi, a makaranta ta koya. Amma ko sau ɗaya uban bai taɓa barinta ta riƙe sitiyarin nan ba, wai motarsa ba ta san hannun kowa ba.

"Baba, me za ka yi?"

"Zan tura ta da baya har bakin gangaren."

Ta gane kafin ya ƙarasa. Mai tura mota da baya a gabanta yake tsayawa. Zai ba giwar baya.

"Ni zan tura," ta ce.

"Da wane ƙarfin? Akwai tukwanen uwarki a but. Saurara, ba zan maimaita ba. Murɗa makulli har fitilun nan su kama. Taka kuloci har ƙasa, sa ribas. Kada ki saki sai kin ji na buga bonet. In kin saki da wuri za ta ƙame, ni kuma ba ni da ƙarfin turi biyu. In na buga, ki saki gaba ɗaya, da ta kama ki sake takawa ki ba ta wuta. Kome kika gani a bayana, kada ƙafarki ta motsa."

"In ta taho fa?"

"Ba ita za ki duba ba. Hannuna za ki duba."

Gwaggo ta miƙo hannu ta kama masa kafaɗa. "Kai ɗan nan, in ka mutu ka bar ni, ba zan yafe maka ba. Ni ce babba, layi ne."

"To, Yaya."

Ya jira har ɗan ya ja wayar ya yi kuka, uwar ta sunkuyar da kai kansa. Ya buɗe ƙofa kamar mai satar shiga ɗakin jariri, ya zame ƙasa, ya bar takalmansa a ciki. Auta ta tsallaka zuwa kujerarsa. Kujerar da zafi, sitiyarin da santsin zufa. Ta murɗa makulli, ta taka kuloci, giyar ta shiga ribas da 'yar ƙara da ta ji kamar duk dajin ya ji.

Uban ya rarrafa ya zagayo gaba. Ya miƙe, ya dafa bonet da hannu biyu, ya sunkuyar da kai ya tura.

Motar ba ta motsa ba. Yashi ya riƙe tayoyin.

Ya kafa yatsun ƙafa, jijiyoyin wuyansa suka tashi kamar igiyoyi. Ta motsa taki ɗaya. Ta ƙara. Tsakuwa ta fara ƙara a ƙarƙashin taya. Ta saman kafaɗarsa Auta ta ga giwar ta ɗago kai.

Taku biyar. Taku shida. Giwar ta juyo gaba ɗaya, ta buɗe kunnuwa. Ƙafar Auta ta fara rawa a kan kuloci, rawar da ba ta iya hanawa, har ta sa hannun hagu ta danne gwiwarta. Uban bai waiwaya ba. Fuskarsa na kallon ƙasa, zufa na ɗiga a kan bonet.

Taku goma. Giwar ta naɗe hanci a ƙarƙashin haure, ta kwantar da kunnuwa, ta sunkuyar da kai. Ba ta yi kuka ba. Ta taho.

"Saki," in ji Gwaggo. "Auta, saki."

Auta ba ta saki ba. Idonta na kan hannun nan mai baƙin mai a ƙarƙashin farce. Ta ji bayan motar ya ɗan sunkuya, nauyi ya fara jan kansa, itatuwa suka fara tafiya da sauri. Ƙasa na girgiza. Hannun ya ɗaga, ya sauka a kan bonet.

Ta saki. Motar ta yi tsalle, ta yi tari sau ɗaya, sau biyu, kamar za ta ƙi. Sai ta kama. Auta ta taka kuloci ta ba ta wuta, inji ya yi ruri.

Amma abin da ba wanda ya lissafa, tsallen da motar ta yi ya janye bonet daga ƙarƙashin hannuwansa. Ya faɗi rub da ciki, gwiwarsa ta daki dutse. Motar ta gangara taku biyar ta bar shi kwance a tsakiyar hanya.

Auta ta taka birki da dama, hagu na kan kuloci, don ta san in injin ya mutu sun mutu tare. Rurin injin ya sa giwar ta yi turus, ƙura ta turnuƙe. Ta tsaya a kansa, tana kaɗa kai tsakanin mutumin da motar. Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi. Ya fara jan jiki da gwiwar hannu, kamar yadda yake shiga ƙarƙashin mota. Hancin giwar ya sauko ya taɓa tafin ƙafarsa.

Can baya ɗan ya ga uwar ta yi nisa, ya fizgi wayar da duk ƙarfinsa, ya ƙwalla kukan da ya fi na baya duka. Giwar ta waiwaya. Ya ja jiki ya kai gefen motar.

Gwaggo, matar da sai an kama ta take hawa matakala, ta buɗe ƙofar baya, ta fito rabin jiki, ta damƙi wuyan rigar ƙaninta ta jawo shi ciki kamar buhu. Ƙafafunsa na waje ta ce, "Tafi."

Auta ta tafi. Da baya ta gangara rafin, da baya ta haye, ƙofa na lilo, ba ta sami wurin juyawa ba sai da suka yi tafiya mai nisa. Giwar ta bi su har bakin gangaren ta tsaya. Ba ta iya barin ɗan.

Sai da suka hango ƙofar gandun uban ya yi magana daga inda yake kwance a cinyar yayarsa.

"Kin cika ba ta wuta. Za ki cinye mini kuloci."

"Rufe mana baki," in ji Gwaggo, tana share masa fuska da mayafi.

Mai gadin dajin bai yi musu faɗa ba, fuskokinsu sun ishe shi. Ya kira mutanensa da likitan dabbobi, Auta ta kwatanta musu maɗacin. Suna ɗora bindigar allurar barci a motarsu, Sai-Gangare ya ce a nuna masa abin da za su yanke wayar da shi. Da ya gani ya girgiza kai.

"Wannan ba zai ci ta ba, murɗaɗɗiya ce, silli-silli. Auta, buɗe but, ƙarƙashin tukwane akwai babban almakashina mai jan hannu. Ku kama ta kusa da ƙullin, ku yanke sau ɗaya."

Kafin la'asar suka dawo da wayar a hannu, da jini a jikinta. Suka ce ya riƙe almakashinsa, ya ce su bar shi a wurinsu, za su fi shi bukata.

Ɗan giwar ya rayu, amma ƙafar ta gajarce, da ɗingishi ya girma. Uwar ta koma cikin garkenta, masu gadi suka ce har yau ba ta yarda farar mota ta matso kusa. Gwaggo ta yi kwana uku a gadon asibiti, a asibitin da Auta ta fara aiki, ta tashi garau, ta rayu shekara tara bayan haka. Auta tana can tana aikinta, ta yi aure, 'ya'yanta biyu. Shi kuwa Sai-Gangare ƙoƙon gwiwarsa ya tsage, da sanda yake tafiya, ba ya iya shiga ƙarƙashin mota sai dai ya zauna a benci ya saurara ya faɗa wa masu aiki. Duk wayar da aka cire a garejinsa, shi da kansa yake guntule ta tsawon yatsa kafin ta shiga duro, kuma ya bi sauran kanikawan layin ɗaya bayan ɗaya yana roƙonsu su yi haka, wasu suka ji, wasu suka yi masa dariya.